Baitin Kajiji

Litinin, 5 ga Satumba 1983, da hantsi

An kama Ɗanbaba jiya. Na rubuta a nan don in gani da idona, tunda bakina ya ƙi faɗa.

Muna tashar Shagari bayan azahar, mun taso daga wani suna. Bala direbanmu shina ƙarƙashin mota shina duba inda mai ke zuba. Wata Landiroba koriya ta tsaya, mutum uku sunka sauko, ba mai kaki a cikinsu. Sunka tambaya wane ne mai kalangun Mijinyawa. Ɗanbaba shina ɓare gyaɗa, ya ce ga shi. Sunka ce 'yar tambaya ce a Sakkwato a kan abin da ya faru a Kajiji. Ya cire kalangun daga kafaɗa ya miƙo mini kamar wanda zai kewaya ya dawo.

Maigidanmu, Sarkin Goge Mijinyawa, ya bi su har bakin mota shina ba su haƙuri, da furfurarsa da komai. Ba wanda ya dube shi.

Ni ina tsaye riƙe da kalangun. Ni mai ƙwarya ne da amshi, sai wasiƙun ƙungiya da nake rubutawa don na yi firamare. Ba wanda ya tambaye ni.

Litinin, bayan la'asar

Na je na gaya wa Altine, matar Ɗanbaba. Ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ni na kai Ɗanbaba gidanmu shekara takwas da sunka wuce na ce mutumin kirki ne. Na iske ta tana tankaɗe. Ta saurare ni har na ƙare ba ta ajiye rariya ba. Sai ta tambaya ko ya ci abinci kafin su tafi da shi. Na ce gyaɗa.

Ta ce wace irin waƙa ce ake kama mutum a kanta. Na ce ban san kan zancen ba tukuna.

Laraba, 7 ga Satumba, da safe

Ba ruwa. Kwana goma sha shida ke nan. Gero ya fid da kai ya tsaya, ganye ya naɗe.

Alhamis, 8 ga Satumba, da azahar

Mun zauna a zauren Mijinyawa nan Bodinga, ni da shi da Bala. Bala ya zo da labari daga direbobin hanyar Kajiji.

Wasan da munka yi can a watan Yuli, lokacin yawon neman ƙuri'a, ashe wani ya ɗauka da rikoda. Kaset ɗin ya shiga kasuwa ba mu sani ba. A ciki akwai baitin da ke zargin wani Alhajin Kajiji da danne takin manoma. Bayan an ƙare zaɓe wasu samari sunka ɗauko shi sunka kunna a ƙofar siton Alhajin da baitin ya shafa, sunka yi ta maimaita wurin. Anka yi faɗa. Wuta ta kama siton. Bala ya ce akwai wanda ya ƙone, bai san ko wane ne ba.

Mijinyawa ya tuna muna cewa ranar, muna cikin mota, da ya ji baitin ya ce shi ba zai sa a bakinsa ba, zambo ne mai suna. Haka ne. Ɗanbaba ne ya jefa shi tsakanin kiɗa da jama'a sunka yi zafi. Muryarsa ce a kaset ɗin, ba mai musu.

Maigida bai tambayi inda baitin ya fito ba. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe a kaina, ko ni ne nake ganin haka.

Ba ni na ce ya faɗa ba.

Juma'a, 9 ga Satumba, kafin masallaci

Na yage shafi ɗaya daga littafina na waƙoƙi na cusa a murhu. Rahamatu matata tana damun kunu, ta gani. Ta ɗan matsar da tukunya don takardar ta ci sosai.

Lahadi, 11 ga Satumba, da yamma

Saura kwana shida Babbar Sallah. Gidaje uku da sunka kira mu sun fasa, kowa da salonsa. Na Yabo sun ce an ɗage. Mahautan Shagari, waɗanda ba mu taɓa fashin wasansu na Sallah ba tun ina sabon shiga, sun ce bana shiru za su yi saboda halin da ake ciki. Mai gidan rawa na Tambuwal bai ma aiko ba, a hanya ya ga Bala ya ɗaga mishi hannu daga nesa.

Wasiƙar Ƙonni ce kaɗai ba ta canja ba: mako uku, Ƙonni da Madawa da Tawa, tsakiyar watan gobe. Na karanta wa maigida sau biyu. Ya ce a ajiye.

Ina ta tuna hanyoyi yau, ban san dalili ba. Shekara goma sha tara ke ga wagga ƙungiya, goma sha huɗu ke gare ni a cikinta. Mijinyawa ya fara da jaki ɗaya da goge ɗaya, kasuwa zuwa kasuwa. Na tuna da munka je Kaduna aka ɗauki faifanmu, Bature ya ce mu yi waƙar manoma cikin minti uku, maigida ya ce ko gaisuwa ba ta ƙarewa cikin minti uku. Na tuna zangon Kumasi, inda tsofaffin 'yan Sakkwato sunka yi kuka da sunka ji taken garinsu a goge, wata tsohuwa ta cire ɗankwalinta ta ɗaura wa Ɗanbaba a kalangu. Mun kwana a tasha, mun tura mota a yashin Argungu, mun ci duka wajen 'yan iyaka. Ba a taɓa ragin mutum ɗaya a cikinmu ba.

Talata, 13 ga Satumba, bayan la'asar

Na je Sakkwato. Altine ta ba ni dambu da ƙuli-ƙuli da rigarsa shuɗiya. Wani gida ne a bayan gari, ba allo a ƙofarsa, sai benci da mutane zaune kowa da ƙullinsa. Na zauna tun hantsi har anka kira azahar.

Da layi ya zo kaina mai littafi ya tambayi sunana da abin da ya haɗa ni da wanda nake nema. Na ce mijin ƙanwata ne. Ya ce sana'a.

Na ce manomi.

Ya karɓi dambun, ya mayar mini da rigar, ya ce ba a gani yau. Ina da gona, ai ba ƙarya na yi ba. A mota har Bodinga abin da nake ta faɗa wa kaina ke nan.

Alhamis, 15 ga Satumba, da safe

Hadari ya taso gabas jiya, ya yi baƙi, iska ta watsa shi.

Asabar, 17 ga Satumba, ranar Sallah, da yamma

Mun sauko idi. Na kai wa Altine ƙafar rago. Yaranta biyu sun sa sababbin kaya, ita ba ta canja zane ba. Babban ya tambaye ni ko babansa ya tafi wasa Nijar bai gaya musu ba. Altine ta amsa kafin in buɗe baki, ta ce e.

Na biya wajen maigida. Na iske shi a zaure ya kwance tsagiyar gogensa duka, shina zaɓen sabon gashin doki ɗaya-ɗaya shina jerawa a cinya. Tsohuwar tsagiyar ba abin da ya same ta. Na zauna na riƙe mishi ƙaron da ake shafa wa tsagiya. Daga nesa ana jin gangar wasu, ba tamu ba. Wannan ce Sallar farko da na ji da kunnena yadda garinmu yake in ba mu muke kiɗa ba.

Talata, 20 ga Satumba, bayan magariba

Mun yi wasa a Danchadi, sunan ɗan wani mai lambun albasa wanda bai ji tsoro ba. Bala ne ya matsa, ya ce gidaje huɗu ke cin abinci daga motar nan, har da na Altine. Munka ɗauki wani Sani daga Sifawa ya riƙe kalangu. Hannunsa ba laifi, sai dai shina jiran goge ya faɗa mishi inda za a bi. Ɗanbaba shi kan riga goge isa.

Mun yi waƙar manoma, mun yi ta masu lambu, mata sun shiga fili, na fara jin kafaɗuna sun saki. Sai wani daga baya ya ɗaga murya ya ce a yi musu ta taki. Wasu sunka ɗauka. Yara ma sun iya ta, sunka fara rerawa da tafi, kalma bayan kalma, ba kuskure ko ɗaya. Ban san ta kai nan ba.

Mijinyawa ya ɗage izga daga kan goge. Ya tsaya har sunka yi shiru don kansu. Ya nemi gafarar mai suna, ya yi wa jariri addu'a, ya sa gogen a jaka. Rana ba ta ko yi sanyi ba.

Bala ya tada mota munka koma gida.

Alhamis, 22 ga Satumba, da hantsi

Maigida ya aiko in zo. Ya sallami mutanen zaure, ya ce in matso. Ya fara da nisa, yadda ya saba. Ya ce shekara goma ke nan rabin abin da yake rerawa ni nake kawo mishi, jama'a na yaba Mijinyawa, ni ban taɓa neman a ambaci sunana ba, kuma bai manta ba. Ya ce ya san hannun kowa a waƙa kamar yadda ya san tafiyar 'ya'yansa daga bayan danga.

Sannan ya ce, "Haliru, ni ba ni kai ka, kuma ba ni faɗa ma kowa. Amma yaron ga kwana goma sha takwas ana tambaya tai wa ya tsara, kuma har yau ba su zo gidanka ba. Kai ka san mi wannan ka nufi."

Na ce Allah shi ba Sarki nasara, ba ni na ce ya faɗa ba.

Ya ce ya sani. Ya ɗauki buta ya shiga gida.

Juma'a, 23 ga Satumba

Ban je ko'ina ba. Na ce wa Rahamatu zazzaɓi ne.

Asabar, 24 ga Satumba, da yamma

Na gaya wa Altine.

Na yi zaton za ta yi kuka ko ta zage ni, na shirya wa duka biyu. Tana tsefe wa ƙaramarta kai. Ta ce ta sani tun daren da munka dawo daga Kajiji, Ɗanbaba ya shigo shina dariya shina cewa yayanki ya iya tsiya. Mako uku ke nan tana karɓar cefane daga hannuna tana jira ta ga ranar da zan faɗa.

Ta ce, "Yaya, ni ba ni son a kama ka. Uwa ɗaya gare mu, ba ta ɗaukar biyu. Amma kar ka ƙara shigowa nan kana tambaya ta ko an ji labari."

Litinin, 26 ga Satumba, bayan azahar

Na je wajen Malam Sodangi a Shagari. Shi ya koya mini karatu, kuma an ce shi ya yi wa Alhajin Kajiji saukar Alƙur'ani. Bai taɓa son sana'ata ba, bai kuma taɓa ɓoyewa ba. Na durƙusa na faɗa mishi duka, tun daga yadda baitin ya zo mini a bayan mota muna wuce gonakin da ba su ga taki ba bana.

Ya tambaye ni ko abin da na faɗa a baitin na gani da idona. Na ce haka kowa ke faɗa. Ya ce ba ita ya tambaya ba. Na ce ban gani ba.

Ya ce zuwa Sakkwato in miƙa kaina ba zai fid da kowa ba, sai dai a rufe biyu. Wanda ya kai ƙara shi ke iya janyewa. Jibi za mu Kajiji, in sa rigar kirki, kar in zo da hular makaɗa.

Talata, 27 ga Satumba, da yamma

Na nuna wa Rahamatu inda takardar gona take. Ta ce ba ta son gani.

Laraba, 28 ga Satumba, bayan la'asar

Na dawo. Zan rubuta tun ban fara gyara abin a raina ba.

Mun bi ta gaban siton. Bango ya tsaya, rufi babu. Alhaji ya karɓi Malam da girma, ya sauko daga kujera ya zauna ƙasa. Ban taɓa ganinsa kusa ba. Ɗan ƙaramin mutum ne, da tabon sallah, ba kamar yadda na siffanta shi ba. Sunka daɗe suna gaisawa, aka kawo fura, ban iya sha ba. Malam ya ce ya zo da ɗalibinsa mai magana.

Na ce, "Ranka shi daɗe, wanda aka tsare faɗa kawai ya yi. Ni nit tsara shi."

Akwai mutum kamar goma a zauren. Wani ya miƙe, Alhaji ya ɗaga mishi hannu ya koma. Ya aika cikin gida aka fito da ƙanensa, Maniru. Shi ne ya shiga siton don ya fid da buhuna. Hannuwansa biyu a naɗe har gwiwar hannu, wani ke riƙe mishi kofi. Aka zaunar da shi gabana.

Alhaji ya ce shi bai taɓa jin baitin sosai ba, kullum cikin ihu yake jinsa. Ya ce in faɗa mishi yanzu, a hankali, ba kiɗa.

Na dubi Malam. Malam shina duban tabarma.

Na faɗa. Layi huɗu ne. A bayan mota da na fara faɗinsa har Bala sai da ya taka birki don dariya. Yau da ya fito bakina ba goge ba kalangu, ga Maniru shina kallona, sai na ji ashe zagi ne kawai, irin na bakin rijiya. A layi na uku akwai sunan mahaifiyarsu. Na manta da na sa shi, wallahi na manta, don ya dace da kiɗa ne na sa. Sai da na iso wurin na tuna. Na tsaya. Alhaji ya ce in ƙarasa.

Na ƙare. Maniru ne ya yi magana, ya ce tsohuwar tana da rai, kuma jikokinta sun rera mata.

Alhaji bai ce ya yafe ba, bai ce zai janye ba. Maganar takin ma bai taɓa ta ba, ko e ko a'a. Ya raka Malam har mota, ya sa aka saka mishi buhun dawa a baya. Ni bai ƙara dubana ba.

Alhamis, 29 ga Satumba, da safe

Duk motar da ta rage gudu a ƙofar gida sai in tashi in leƙa.

Asabar, 1 ga Oktoba, da yamma

An yi ruwa, mai yawa, har kwata ta cika. Geron tudu ya riga ya tafi. Dawa wataƙila.

Talata, 4 ga Oktoba, da azahar

Shiru daga Kajiji, shiru daga Sakkwato. Bala ya fara ɗaukar buhunan albasa zuwa Jega da motar ƙungiya, maigida ya yarda. Ya cire allon da ke ɗauke da sunanmu daga saman motar, ya ce don kaya su zauna. Na ga allon jingine a bayan zaure, fuskarsa na duban bango.

Ƙonni sun sake aiko da wasiƙa suna son amsa. Maigida ya ce in rubuta cewa muna nan tafe in Allah ya so. Na ce da wa? Ya ce in rubuta.

Juma'a, 7 ga Oktoba, bayan masallaci

Sun sako shi. Ba wanda ya sanar da mu. Wani mai keke ya gan shi shina tafe a ƙasa daga mararraba, ya ɗauko shi. Ban san ko Alhaji ne ya janye ba, ko Malam ya ƙara komawa, ko su ne sunka gaji.

Na je. Gidan cike da mutane. Ya rame, an aske mishi kai, shina zaune a tabarma shina amsa barka. In an yi magana sai ya juyo da fuskarsa gefe guda, kamar mai leƙe. Na miƙa mishi hannu, ya karɓa, ya ce ya gida, ya yara. Abin da ya ce wa kowa ke nan.

Altine ta ba ni ruwa. Ban daɗe ba.

Lahadi, 9 ga Oktoba, da safe

Na aika mishi da kalangunsa ta hannun Bala. Na shafa wa tsirkiyar mai, na canja wadda ta lalace. Bala ya ce ya karɓa ya rataye, bai buga ba.

Laraba, 12 ga Oktoba, bayan la'asar

Maigida ya kira gwaji a gindin tsamiyar bayan gidansa, don jibi ne tafiya Ƙonni. Sani na Sifawa ya zo da kalangunsa. Mun fara waƙar manoma ke nan sai ga Ɗanbaba, da nasa a kafaɗa. Sani ya tashi da kansa ya koma gefe.

Mijinyawa ya ja izga daga farko. Ɗanbaba ya shiga. Hannun na nan, amma ya makara, ya sake makara, ya bar goge ya tafi shi kaɗai. Sau uku muna tsayawa. Bala ya sunkuyar da kai. A na huɗu Ɗanbaba ya dafe fatar da tafin hannu ya tsayar da mu.

Ya dube ni, karo na farko tun ranar tasha.

Ya ce, "Kunnen hagu ba shi ji, tun makon farko. Gogen ba ya iso min daidai. Taso ka dawo nan dama gare ni, ka buga da ƙarfi, ƙwaryarka zan bi."

Na ce Ɗanbaba, akwai maganar da nake son mu yi.

Ya ce, "Na ji ka je Kajiji. Ɗauko ƙwaryar."

Na ɗauko na zauna, gwiwata na taɓa tasa. Mun yi waƙar har ƙarshe ba mu tsaya ba.

Juma'a, 14 ga Oktoba, da asuba

Mota ta yi lodi. Altine ta rako shi har bakin hanya, ta ja ni gefe ta ce in mun sauka a tasha in riƙa bin hagunsa, don ba ya jin mota in ta taho ta nan.